DARASI A KAN ƊAURIN IGIYA DOMIN JAN WAYAR LANTARKI

An shirya wannan darasi domin samari masu koyon aikin lantarki a Ɗanzomo da sauran garuruwan ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. An kuma shirya shi domin dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin gari, waɗanda su ke tara kuɗin jama'a a sayo waya, a kai wuta asibiti, ko makaranta, ko rijiyar burtsatse. Waya tana da tsada ƙwarai. Sau da yawa kuwa ba wuta ce ke lalata ta ba, tun ranar da aka ja ta aka yi mata rauni, raunin ya ɓuya cikin ƙasa ko cikin bututu, sai damina ta faɗi ya bayyana. Nufinmu a nan shi ne mu nuna yadda a ke ɗaura igiya a jikin waya ta kama sosai, ba ta zame ba, ba ta kuwa ji wa wayar ciwo ba.

1. IYAKAR DARASIN

Tun a 1951 Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda a ke kira ECN, ta soma aiki. A 1972 aka haɗa ta da Hukumar Madatsun Kwara aka sami NEPA, a 2005 kuma NEPA ta zama PHCN. Daga 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A Gagarawa akwai babbar tasha mai sauke wuta daga volt 132,000 zuwa volt 33,000, taransifomomi kuma su ke ƙara sauke ta har ta iso gida a kan volt 230.

Lalle mai karatu ya gane wannan tun da wuri. Wayoyin da ke bisa falwaya da taransifoma, har zuwa mita, na kamfani ne, ma'aikatansa kaɗai ke da izinin taɓa su. Darasinmu ya shafi wayar da ba a haɗa ta da wuta ba tukuna, wadda za a zura cikin bututu a jikin gini, ko a shimfiɗa cikin rami, ko a saukar cikin rijiya. Haɗa waya da wuta aikin wanda ya ke da takardar shaida ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke jarraba masu aikin wayarin, ta ba su shaida.

2. SANIN WAYA

Waya tana da sashi biyu: zuciya da riga. Zuciya ita ce ƙarfen da wuta ke bi, jan ƙarfe ko alminiyon. Riga kuwa roba ce da ke hana wutar fita. Babbar waya, wadda a ke kira kebul, tana da zuciya biyu, ko uku, ko huɗu, ko wace da rigarta, sa'an nan a haɗa su cikin babbar riga guda. Wadda a ke binnewa ƙasa a kan yi mata sulke na siraran ƙarafa a ƙarƙashin rigar waje.

A kan auna kaurin zuciya da murabba'in milimita, shi ne lambar da ku ke ji masu kanti na faɗi: 1.5, ko 2.5, ko 16. Ƙa'idar da masu ƙera waya da yawa ke bi ita ce, kada ƙarfin ja ya wuce kamar kilo 5 ga ko wane murabba'in milimita na jan ƙarfe, ko kilo 3 in alminiyon ne. To, mu yi lissafi. Waya uku masu lamba 2.5, jimla 7.5 ke nan, a ninka sau 5, ya ba mu kilo 37 da ɗoriya. Saurayi guda mai ƙarfi, in ya kafa ƙafa ya fizga, ya wuce wannan. Siririyar wayar intanet kuwa iyakarta kamar kilo 11 ne kurum.

In aka wuce iyaka, jan ƙarfe ya kan miƙe ya sirance a wuri guda. Ido ba ya ganin wannan, gama riga ta rufe. Amma wurin da ya sirance shi ke ɗaukar zafi in wuta ta bi, da haka gobara ke samun ƙofa.

3. ZAƁEN IGIYA

Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne ga igiya. Ƙasa ce ta rairayi, rijiyoyinta da zurfi, yaro ya kan tashi ya iya tufka da ɗaurin guga da dabaibayi. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za ku ga igiya iri iri a kara. Amma ba ko wace igiya ta dace da wannan aiki ba.

Igiyar rama tana kamu da kyau domin kaushinta, ba ta kuma miƙewa sosai. Aibinta shi ne laima na ruɓar da ita, gara kuma na cinta daga ciki. Ta isa ga ƙaramin aiki in sabuwa ce. Igiyar kaba ba ta da ƙarfin wannan aiki, a bar ta ga tumaki. Igiyar leda, mai launin shuɗi ko rawaya, ba ta da nauyi, ruwa kuma ba ya cinta, amma tana da santsi, rana kuwa na busar da ita har ta riƙa marmashewa. In an ja ta da sauri cikin bututun roba ta kan yanka bututun a wurin kwana. Igiyar nailan tana da ƙarfi, sai dai tana miƙewa kamar danƙo, in ta tsinke ta kan dawo da bulalar da ke iya fasa ido. Wadda ta fi dacewa ita ce igiyar foliyesta saƙaƙƙiya, domin tana da taushi, miƙewarta kuma kaɗan ce.

Ku riƙe ƙa'ida biyu. Ta fari, ƙarfin igiya ya ninka nauyin aikin sau 5 ko fiye. Ta biyu, ko wane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani ma har kusan rabi. Kafin aiki a bi igiya da hannu daga farko har ƙarshe, a murɗe tufkar a duba cikinta. In an ga gari na zuba, ko zare ya tsittsinke, ko wuri ya ƙone, a ajiye ta.

4. ABIN DA KE SA IGIYA TA KAMA

Ku dubi makiyayi da bijimi. In ya riƙe igiya a hannu, bijimin ya kan ja shi ƙasa. In ya zagaya igiyar a turke sau biyu ko uku, sai ya tsai da shi da hannu guda. Ba ƙarfi aka ƙara masa ba, gogayyar igiya da turke ce ta ɗauke nauyin. Wani masanin lissafi mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, ya bayyana ƙa'idar wannan a ƙarni na 18. Ko wane zagaye yana ninka riƙon, ninki bisa ninki. Ga misali, a kan abu mai matsakaicin kaushi, riƙon kilo 1 ya kan tsai da kilo 6 da rabi in zagaye ɗaya ne, kilo 43 in biyu ne, kilo 286 in uku ne.

Daga nan darasi biyu su ka fito. Na ɗaya, ɗauri mai zagaye da yawa, wanda ya bazu bisa tsawon waya, ya fi ƙulli guda mai tsanani. Ƙulli guda ya kan shaƙe waya a wuri ɗaya, ya huda riga, sa'an nan kuma ya zame. Ɗaurin kawo wuƙa ba gwaninta ba ne a wannan sana'a. Ɗauri nagari shi ne wanda ke ƙara kamu in an ja, ya kuma kwance cikin sauƙi in an saki. Na biyu, wannan gogayya da ke taimakonmu a wurin ɗauri, ita ce kuma ke yaƙarmu a wurin kwanar bututu, kamar yadda za mu gani a gaba.

5. HAƊA KAN ƘANANAN WAYOYI

In wayoyin ƙanana ne, masu bi cikin bututun gini, a kan fara zura jagora, watau siririyar waya ta ƙarfe ko ta roba mai ido a bakinta. In bututun na da tsawo, jagora ta jawo igiya, igiya kuma ta jawo waya.

Kada a tara bakin wayoyin duka wuri guda, gama za su yi dunƙule su toshe a kwana ta fari. A jera su gaba da baya. A feɗe rigar ta fari kamar taƙi guda, a zura zuciyarta cikin idon jagora, a lanƙwaso ta baya, a murɗe ta a jikinta da filaya. Ta biyu a ɗaura ta a jikin ta fari, yatsa huɗu a baya. Ta uku kuma yatsa huɗu bayan ta biyu. Da haka kan zai fito siriri a gaba, yana ƙara kauri a hankali, kamar kan maciji.

Sa'an nan a naɗe da baƙin salatif. A fara naɗi daga baya, ta wajen wayoyin, a taho gaba zuwa jagora, ko wane naɗi ya hau rabin na bayansa. Dalili kuwa shi ne dalilin mai baibayar ɗaki, wanda ke farawa daga ƙasa ya yi sama domin ruwa ya gangare bisa ciyawa, kada ya shiga ƙarƙashinta. Haka bakin salatif zai kwanta baya, ba zai kama bututu ya kwaɓe ba. A tabbata babu tsinin ƙarfe da ya leƙo.

6. ƊAURIN GUNGUME DA RABIN ZARGE

Wannan shi ne ɗaurin babban kebul, ko damin wayoyi masu kauri. Da shi masu jiragen ruwa ke jan gungume tun da daɗewa.

A auna kamar mita guda daga bakin kebul, a tsaya nan. A goge wurin da tsumma, kada a bar ƙura ko maiƙo. A naɗa salatif biyu ko uku domin igiya ta sami wurin cizo. A zagaya wutsiyar igiya a jikin kebul sau ɗaya, a ratsa ta bayan uwar igiyar, a komo da ita, a murɗa ta a jikin kanta sau uku in rama ce, sau biyar in leda ce ko nailan. A ja uwar igiya har ɗaurin ya zauna. Wannan shi ne ɗaurin gungume, shi ne tushe.

Daga nan a nufi bakin kebul. A yi taƙi guda, a lanƙwasa igiya ta yi zobe, a zura bakin kebul cikin zoben, a ja ya matse. Wannan shi ne rabin zarge. A sake taƙi guda a yi wani, har a sami huɗu ko biyar, na ƙarshe yana kusa da baki ƙwarai, domin shi ne zai daidaita kan kebul ya fuskanci hanya. Lalle dukansu su juya waje guda, igiyar da ke tsakaninsu kuma ta miƙe, kada a bar ta da lanƙwasa. In an ja, ko wane zarge ya ɗauki rabonsa, tushe ya sami kaɗan. A ƙarshe a naɗe wutsiyar igiya da bakin kebul da salatif.

7. WUTSIYAR GOƊIYA

In kebul na da nauyi, ko rigarsa na da santsi, akwai ɗaurin da ya fi na baya. Sunan da ma'aikatan ƙasashen Turawa su ka ba shi, ma'anarsa wutsiyar goɗiya. A sami igiya biyu masu taushi, ko wace kamar mita 4. A haɗa su, a ninka a tsakiya, a ƙulla hanko a wurin ninkin. Yanzu akwai hanko guda a gaba da wutsiya huɗu a baya. A ajiye hankon gaban bakin kebul. A ɗauki wutsiya biyu a yi ta gicciya su, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sama da ƙasa, ana komawa baya kamar mai kitso, har mita guda ko fiye. A kama ƙarshensu da salatif. A maimaita da sauran biyun a bisa na farin. In an ja hanko, kitson ya kan miƙe ya tsuke, ya rungume kebul ta ko wane gefe.

A kan wannan dabara aka ƙera ragar ƙarfe ta jan kebul, mai kama da safa, wadda a ke zura bakin kebul a ciki. A Amurka wata mace, Vivien Kellems, da ɗan'uwanta Edgar su ka kafa kamfanin ƙera ta a 1927. Ko wace raga da kaurin kebul ɗin da aka yi ta dominsa, sai a sayi wadda ta dace. A kuma ɗaure gindinta da salatif, gama in aka saki ja ta kan saki kamu.

Amma fa a lura. Wutsiyar goɗiya da raga da ɗaurin gungume duk riga su ke kamawa, riga kuwa ba ta kai zuciya ƙarfi ba. Saboda haka iyakar jansu ba ta kai lissafin da mu ka yi a sashi na 2 ba. In aikin mai nauyi ne ƙwarai, sai a kama zuciyar kebul ko sulkensa, bisa umurnin takardar wanda ya ƙera shi.

8. KAMU A TSAKIYA DA HANKO

Wani lokaci ana bukatar kama kebul a tsakiya, domin a ƙara hannu, ko a riƙe shi kada ya sulale cikin rijiya. A nan a kan yi amfani da ɗaurin da Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu na ƙasar Ostiriya, ya fitar a 1931. A ƙulla siririyar igiya ta zama zobe. A ɗora zoben a jikin kebul, a zura gefe guda cikin ɗayan, a zagaya, a sake zurawa, har sau uku, ko huɗu in akwai santsi. A jera zagayen kusa da juna, kada wani ya hau wani. In an ja sai ya ciza, in an saki sai a tura shi gaba da hannu. Lalle igiyar ta fi kebul sirantaka da yawa, in ba haka ba ba ta kamawa.

Domin haɗa igiya da hanko ko da raga, ana son ƙullin da ba ya zargewa. A yi ƙaramin zobe a uwar igiya, a zura wutsiya cikin idon ragar, a fito da ita ta ƙarƙashin zoben, a zagaya bayan uwar igiya, a mai da ita cikin zoben ta inda ta fito. A bar wutsiya kamar taƙi guda. Igiyar tufka ta kan warware in ta ji nauyi, ta murɗe kebul. Domin haka a babban aiki a kan sa majuyi na ƙarfe tsakanin igiya da kebul.

9. SHIRIN HANYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ja, a bi hanyar duka. A zura tsumma ɗaure da igiya cikin bututu ya share rairayi da tsakuwa. A goge kaifin bakin bututu. Kada a cika bututu: ƙa'idar Amurka ta ce in waya uku ce ko fiye, kada su ci fiye da kashi 40 cikin 100 na cikinsa, kada kuma kwana ta wuce huɗu tsakanin akwati da akwati.

Ga dalilin ƙa'idar kwana. A ce kebul mai zuciya huɗu, lamba 16, jan ƙarfe. Iyakarsa 64 sau 5, watau kilo 320, in an kama ta zuciya. A ce ko wace mita ta yi kilo 1.3, za a ja mita 100 cikin busasshen bututu. Nauyinsa kilo 130, ja a miƙe kuwa kamar rabin wannan ne, kilo 65. Ko wace cikakkiyar kwana ta kan ninka ja fiye da sau biyu. In kwana tana ƙarshen hanya, 65 ta zama kamar 143. In biyu ne, ta zama kamar 315, an kusa iyaka ke nan. Amma in aka juya aikin, aka zura kebul ta gefen da kwanonin su ke, lokacin da nauyin da ke bayansu kaɗan ne, abin da za su ninka ƙanƙane ne. Saboda haka a zura ta gefen kwana, a ja ta gefen miƙe.

A ɗora kwarkwaron kebul bisa sandar ƙarfe ya riƙa juyawa, kebul ya fito ta samansa. Kada a kwantar da shi a riƙa warware kebul ta gefe, gama zai murɗe. Kada a lanƙwasa kebul lanƙwasa mai tsanani. In za a sa abin santsi, a nemi man da aka yi musamman domin jan waya, ko farar hoda. Baƙin mai da giris da man gyaɗa da garin sabulu duk suna iya cin riga sannu a hankali. A shafa a jikin kebul bayan ɗauri, kada ya taɓa ɗaurin kansa.

Rami kuwa a haƙa shi kamar santimita 60, a tsince duwatsu, a shimfiɗa rairayi mai laushi ƙasa da sama, abin da ba mu rasa ba a ƙasar nan. A jera bulo ko ledar gargaɗi a bisa kafin a cike, domin mai haƙa wata rana ya gani. A watannin bazara zafi ya kan wuce digiri 40, roba ta yi laushi ta riƙa yagewa da wuri. A yi aiki da sassafe.

10. RANAR JA

A naɗa shugaba guda, muryarsa kaɗai za a bi. In nesa ce a yi magana ta wayar hannu. Kowa na da ikon cewa a tsaya, amma shugaba kaɗai ke cewa a ja. Mutum guda ya tsaya wurin kwarkwaro, guda a bakin bututu yana tura waya yana daidaita ta, sauran su ja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A fara da gwaji: a ja kaɗan, a tsaya, a duba ko ɗauri ya motsa. Sa'an nan a ja a hankali, ja mai ɗorewa, ba fizga. In waya ta tsaya, akwai abin da ya tsai da ita. A komar da ita baya kaɗan a nemi dalili, kada a ƙaro mutane. Kada a ɗaura igiya a mota, ko babur, ko sa, ko raƙumi, gama ba su jin lokacin da waya ta cije.

Ga abin da zai tsare rai. A kashe wuta daga babban makunni, a kulle, mabuɗi ya zauna aljihun shugaba, a kuma gwada da abin gwaji. A tuna janareta da batir na iya maido da wuta ta baya, farantin sola kuwa yana ba da wuta muddin rana na kansa. Kada a zura jagorar ƙarfe cikin bututun da ke da waya mai wuta. Jiƙaƙƙiyar igiya wuta na binta, kada a wurga igiya ko a ɗaga tsani kusa da wayar falwaya. Kada kowa ya naɗa igiya a hannunsa ko a ƙugunsa. Kada a tsaya a cikin kwanar igiya, ko daidai saitinta. A sa safar hannu, a kuma kori yara.

11. RIJIYAR BURTSATSE

Garuruwa da yawa na ƙasar nan sun dogara ga injin da a ke saukarwa cikin ruwa, wanda a ke kira sumo. Abu uku ke sauka tare: bututun ruwa, da kebul, da igiyar tsaro. Bututu ke ɗaukar nauyi, igiya ke jiran ranar da bututu zai kasa. Kebul ba ya ɗaukar kome. Kada a saukar da inji da kebul, kada a ɗago shi da shi, ko da taƙi guda ne. A ɗaure kebul a jikin bututu ko wace mita 2 ko 3, a bar masa ɗan sassauci, domin bututun roba ya kan miƙe in ya cika da ruwa. Igiyar tsaro ta zama ta leda, gama rama za ta ruɓe. A ƙulla ta a kunnen inji da ƙullin da ba ya zargewa, a ɗaure ɗaya bakin a murfin rijiya ta ciki, inda rana ba ta kaiwa.

12. BAYAN AN GAMA

A yanke duk wurin da ɗauri ya kama a yar, ko da ya yi kyau a ido, gama ya sha matsa. Saboda haka tun wurin saye a ƙara mita 1 ko 2 bisa awo. A toshe bakin kebul kada laima ta shiga. Kafin a cike rami, mai takardar shaida ya gwada rigar da na'urar gwaji ta volt 500. Ga wayar gida, in awon bai kai megom 1 ba akwai rauni, sabuwar waya lafiyayyiya kuwa ta kan wuce wannan nesa. Shugabannin gari su nemi a yi wannan gwaji a gabansu, a rubuta sakamakon, kafin su biya kuɗin aiki. A kuma zana hanyar da kebul ya bi a ajiye takardar wurin dagaci ko shugaban makaranta. Igiya kuwa a kakkaɓe ta, a naɗe, a rataye a inuwa.

13. TAMBAYOYI

Malamai su sa ɗalibai su amsa waɗannan, sa'an nan ko wane ɗalibi ya gwada ɗaurin nan huɗu a jikin guntun tiyo ko sanda, har ya iya su ba da dubawa ba.

1. Waya huɗu masu lamba 4, jan ƙarfe, kilo nawa ne iyakar jansu?
2. Don me ɗauri mai zagaye da yawa ya fi ƙulli guda?
3. Daga ina a ke fara naɗin salatif, don me kuma?
4. Bututu yana da kwana biyu kusa da bakinsa na gabas. Ta wane gefe za a zura kebul?
5. Faɗi abu uku da ke iya kawo wuta cikin waya bayan an kashe makunni.
6. A rijiyar burtsatse, mene ne aikin bututu, mene ne na igiya, mene ne na kebul?

Wanda ya ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin kamfanin wuta mafi kusa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'a, amin.